HAƁO: KULA DA MAJINYACI A GIDA BAYAN AN SA MASA LAGWANI A HANCI

Gabatarwa

Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu takan sauko daga Sahara ɗauke da ƙura, ta busar da leɓe da fata, ta tsattsaga diddige. Abin da take yi wa fatar waje shi take yi wa tantanin cikin hanci, sai dai wannan ba a ganinsa sai ranar da jini ya ɓalle. Wannan zubar jini ta hanci ita ake kira haɓo. Masana sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 60 cikin 100 sukan yi haɓo ko da sau ɗaya a rayuwarsu, amma kimanin 6 cikin 100 na masu haɓon ne kawai abin yake kai su asibiti.

Idan haɓo ya ƙi tsayawa, ma'aikacin lafiya yakan cusa wani abu a cikin hancin domin ya danne inda jinin yake fita. Masu Faransanci a asibitocin Jamhuriyar Benin suna kiran wannan abu da kalmar da ake furtawa "mesh", wadda ma'anarta ita ce lagwani, irin na fitila. Sunan ya dace da siffar abin, saboda haka shi za a yi amfani da shi a wannan darasi.

Sau da yawa akan sallami majinyaci ya koma gida da lagwanin a hancinsa, a ce ya dawo bayan kwana biyu ko uku. A ƙaramar hukuma irin ta Bagudo a Jihar Kebbi, komawa gida ba tsallaka titi ba ne. Kogin Kwara ya ratsa ƙasar, kuma garuruwa irin su Illo da Lolo da Kaoje da Tsamiya suna can wajen iyakar Benin. Mutumin ƙauye yakan yi tafiya mai nisa a kan kabu-kabu ko a cikin kwale-kwale kafin ya isa inda likita yake. Ashe ke nan a waɗannan kwanaki iyalinsa ne masu jinyarsa, kuma sau da yawa ɗalibin sakandare shi ne mai karanta takardar asibiti a gidan. Wannan darasi domin shi aka tsara shi, da malaminsa.

Inda jinin yake fitowa

Hanci yana da kafofi biyu, kuma tsakaninsu akwai wani shamaki wanda gabansa guringuntsi ne, bayansa ƙashi. Duk cikin hancin a lulluɓe yake da tantani mai laushi da damshi, wanda aikinsa shi ne tace ƙura da ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta isa huhu. Baligi yakan shaƙi iskar da ta kai kimanin lita 10,000 a kwana ɗaya. Domin tantanin ya iya wannan aiki, an shimfiɗa masa ƙananan jijiyoyin jini masu yawa dab da samansa.

A gaban shamakin, daidai inda ɗan yatsa yake kaiwa, akwai wurin da rassan jijiyoyi da dama suka haɗu suka sarƙe. Wani likitan fiɗa na Amurka, James Little, ya yi bayanin wurin a shekarar 1879, sannan wani likitan Jamus, Wilhelm Kiesselbach, ya ƙara bayani a 1884. Kimanin haɓo 90 cikin 100 daga nan yake fitowa. Sauran kuwa daga can ƙuryar hanci yake ɓullowa, inda jijiyoyin suka fi kauri. Wannan haɓon ƙurya ya fi samun tsofaffi, ya fi haɗari, kuma jininsa yakan gangara maƙogwaro.

Dalilan haɓo suna da yawa: bushewar iska, da ƙwaƙular hanci, da mura, da shaƙar garin taba, da buguwa a faɗa ko haɗarin babur, da wasu magunguna, da cututtukan da ke hana jini sandarewa. A shekarar 2008 likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato sun buga nazarin da suka yi a kan masu haɓo 72. Sun gano cewa rukuni mafi yawa shi ne na waɗanda ba a san dalilin haɓonsu ba, sai masu rauni, sai masu hawan jini.

Yadda jiki yake ɗinke kansa

Idan jijiya ta fashe, abubuwa uku ne suke faruwa a jere. Da farko jijiyar takan tsuke. Na biyu, wasu ƙananan ƙwayoyi na cikin jini da ake kira faletilet sukan taru a bakin raunin su manne da juna, su yi ɗan marfi. Na uku, wani sinadari mai suna fibirin yakan saƙa zare-zare a kan marfin kamar komar masunta, ya kama jajayen ƙwayoyin jini, sai gudan jini ya samu. A ƙarƙashin wannan guda ne sabon tantani yake tsirowa, kuma kafin ya yi ƙwari yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu.

A nan ne ya kamata ɗalibi ya lura da jigon darasin. Lagwani ba ya warkar da rauni. Aikinsa kawai shi ne ya danne jijiyar, ya ba gudan jinin dama ya kafu. Misalinsa kamar katakon da magini yake tokare ɗanyen siminti da shi: in an cire kafin ya bushe, ginin ya rushe. Duk dokokin jinyar gida da za a ambata a gaba suna komawa ne ga manufa biyu, wato kada a taɓa gudan jinin, kuma kada a ƙara wa jijiyoyin hanci matsin jini.

Ire-iren lagwani

Akwai doguwar tsiriyar bandeji da ake shafa wa man basilin ko wani magani, a jera ta ninki bisa ninki a cikin hanci. Ita ce aka fi samu a ƙananan asibitoci. Akwai wani busasshen soso mai suna Merocel, wanda yake kumbura idan ya sha ruwa ko jini. Akwai kuma irin mai balan-balan, kamar Rapid Rhino, wanda ake hura wa iska da sirinji. Waɗannan uku dole ne a ciro su, kuma galibi suna da zare ko siririn bututu da ake liƙawa a kumatu da filasta. Akwai wani nau'in da yake narkewa da kansa, ba ya bukatar cirewa. Wajibi ne iyali su san wane iri aka sa wa majinyacinsu.

Wanda aka toshe wa ƙuryar hanci, ko tsoho mai ciwon zuciya ko na huhu da aka toshe wa kafofi biyu, a asibiti ake kwantar da shi. Darasin nan ya shafi wanda aka sa wa lagwani a gaban hanci ne aka sallame shi.

Kafin a bar asibiti

Jinyar gida tana farawa ne tun a gaban likita. Ɗan rakiya ya tabbatar ya sami amsar tambayoyi huɗu, kuma a rubuce: wane irin lagwani aka sa, kuma guda nawa? Wace rana da wane lokaci aka sa shi? Yaushe za a cire, kuma a ina? Waɗanne magunguna za a sha, waɗanne za a dakatar?

Wannan rubutu yana da muhimmanci ƙwarai ga mazauna bakin iyaka. Mutumin Tsamiya yana iya yin haɓo a kasuwar Segbana, ko mutumin Lolo a Malanbil, a sa masa lagwani a can, a ba shi takarda da Faransanci, sannan ya zo cirewa a wannan ɓangare. Idan an rubuta rana da lokaci da alƙaluma, kowane ma'aikaci zai gane, tun da agogon Nijeriya da na Benin ɗaya ne, kuma duka ƙasashen biyu rana suke fara rubutawa kafin wata.

Galibi akan cire lagwani bayan awa 24 zuwa 72. Idan gidan majinyaci yana da nisa, ko sai an tsallaka ruwa, abin da ya fi shi ne ya sauka wurin dangi a kusa da asibitin har a cire. Masaukin kwana biyu ya fi neman kwale-kwale da tsakar dare sauƙi.

Abubuwan da ba na tsoro ba

Mai lagwani zai ji hancinsa a cike, da ɗan ciwon kai ko nauyin fuska. Bakinsa zai bushe domin ta nan yake numfashi. Idonsa na wannan ɓangare zai riƙa hawaye, saboda akwai wata siririyar hanya da take kai hawaye daga ido zuwa cikin hanci, kuma lagwanin ya danne bakinta. Kunnensa yana iya yin dum. Abinci zai yi masa salam, domin yawancin daɗin abinci ƙanshi ne, ƙofar ƙanshi kuwa a rufe take. Wani ruwa-ruwa mai ɗan ja zai riƙa ɗigowa. Sai a naɗe auduga ko bandeji mai tsabta a liƙa a ƙarƙashin hanci, a canza idan ya jiƙe. Wanda ya haɗiyi jini da yawa yana iya ganin bayan gidansa ya yi baƙi na kwana ɗaya ko biyu. Duk waɗannan za su wuce.

Dokokin jinya

Na ɗaya, kada a ja lagwani, kada a tura shi, kada a yanke zarensa. Idan filasta ta saki, a sake liƙa wata. Yaro ƙarami sai an sa masa ido, a yanke masa farce.

Na biyu, kada a fyace hanci, kada a ja majina da ƙarfi. In atishawa ta zo, a buɗe baki ta fita ta nan.

Na uku, kai ya kasance sama da ƙirji. A kwanta a jingine bisa matashi biyu ko uku. Idan mutum ya sunkuya, jini yakan taru a jijiyoyin kai, matsinsa ya ƙaru. Wannan ya shafi salla da alwala. Shari'a ta yi wa marar lafiya rangwamen yin salla a zaune da ishara, kuma a mazhabar Malikiyya shaƙa ruwa sunna ce a alwala, ba farilla ba. Mai son ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malaminsa.

Na huɗu, a huta. Ban da ɗaukar buhu, da jan guga, da daka, da faskare, da tuƙa kwale-kwale, da ƙwallo. Casar shinkafa da shiƙa sun haɗa illa biyu, ga yunƙuri ga ƙura. Yunƙurin bayan gida ma yana ƙara matsin jini, don haka a yawaita shan ruwa da cin ganye da 'ya'yan itace.

Na biyar, a guji zafi, domin zafi yana buɗa jijiyoyi. A bar kunu da koko da shayi su huce kafin a sha. A rage yaji. Kada a yi wanka da ruwa mai zafi sosai, kada a yi surace, kada a zauna dab da wuta ko cikin hayaƙin murhu. Taba, ta sha ko ta shaƙa, da barasa, duk a bar su.

Na shida, a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a shafa basilin a leɓe. A lokacin hunturu ana iya shanya jiƙaƙƙen zane a ɗaki domin iskar ta yi damshi. Idan likita ya ce a riƙa ɗiga ruwan gishiri a kan lagwanin, sai a yi yadda ya ce.

Maganar magunguna

A nan ne aka fi yin kuskure. Mai ciwon kai yakan aika kemis a sayo masa abin da ya saba sha. Maganin da ya dace shi ne farasitamol. Baligi kada ya wuce giram 4 a kwana ɗaya, yaro kuwa ma'aikacin lafiya ne zai auna masa gwargwadon nauyinsa. A ɓangaren Benin akan same shi da sunan Doliprane ko Efferalgan.

Asfirin kuwa yana hana ƙwayoyin faletilet mannewa. Wani masani ɗan Ingila, John Vane, shi ya gano yadda asfirin yake aiki a jiki a shekarar 1971, kuma ya sami lambar yabo ta Nobel a 1982. Duk ƙwayar faletilet da asfirin ya taɓa ba ta sake aiki har ta mutu, kuma tsawon ranta kwana 7 zuwa 10 ne. Ke nan shan yini ɗaya yana iya yin tasiri na kwanaki. Abin lura shi ne asfirin yana zuwa da sunaye iri-iri. Hodar Alabukun tana ɗauke da shi, haka ma Aspégic da ake sayarwa a ƙasashe masu Faransanci. Ibufurofen da dikulofenak su ma suna iya ƙara zubar jini. Aikin ɗalibi ne ya karanta jikin kwali kafin a sha.

Amma wanda likita ya ɗora a kan asfirin ko warfarin saboda ciwon zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, kada ya daina da kansa. Likita ne zai auna haɗarin biyu ya yanke. Mai hawan jini ya ci gaba da shan maganinsa ba fashi. Idan an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a shanye shi yadda aka rubuta. Idan ba a bayar ba, kada a saya, domin ba kowane mai lagwani ne yake bukatarsa ba.

Idan jinin ya dawo

Majinyaci ya zauna ya ɗan karkata gaba, a matse tattausan ɓangaren hanci da yatsu biyu na minti 15 cur, ana duban agogo, ba a saki don a leƙa. Ya tofar da duk jinin da ya zo bakinsa. Ɗaga kai sama, wanda mutane suka saba yi, ba ya tsayar da jini. Yana juya shi ne zuwa ciki, ya jawo amai, ya kuma ɓoye yawan abin da ya zuba. Kada a ƙara cusa tsumma ko takarda ko ganye ko wani gari a kan lagwanin. Idan minti 15 sun cika jini bai tsaya ba, a kama hanyar asibiti ana ci gaba da matsewa.

Alamomin haɗari

A tafi asibiti nan take, ko dare ko rana, idan aka ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Jan jini yana ratso lagwani, ko yana gangarawa maƙogwaro, ko ana aman jini.
2. Lagwani ya zame baya, majinyaci yana shaƙewa ko numfashinsa yana sarƙewa.
3. Jiri, ko suma, ko gumi mai sanyi, ko bugun zuciya da sauri, ko tafin hannu da cikin ido sun yi fari.
4. Zazzaɓi, musamman tare da amai ko zawo ko jan fata ko ruɗewa.
5. Kumburin fuska ko ido, ko gani ya canza, ko ruwa mai wari yana fita daga hanci.
6. Lagwanin da ya kamata a cire ya faɗo da kansa kafin lokaci.

Alama ta huɗu tana bukatar ƙarin bayani. Akwai wata bakteriya mai suna sitafilokokas da take zaune a hancin mutane da yawa ba tare da ta cutar da su ba. Idan ta sami lagwani jiƙe da jini, ga ɗumi, tana iya hayayyafa ta saki dafi a cikin jini, dafin ya karya ƙarfin bugun jini ya taɓa ƙoda da hanta. Wani likitan yara na Amurka, James Todd, shi ya ba wannan ciwo suna a shekarar 1978. Ba kasafai yake faruwa ba, amma yana kisa cikin hanzari. Saboda shi, da kuma ɓarnar da dogon matsi yake yi wa tantanin hanci, ba a barin lagwani ya wuce ranarsa ko da jini ya tsaya tuntuni, ko da ranar ta faɗo ranar kasuwa.

Haɓon da ba na hanci kaɗai ba

Wani lokaci haɓo alama ce ta wata cuta da ke cikin jiki. Manomi ko makiyayin da kububuwa ta sara yana iya zubar da jini ta dasashi da hanci, domin dafinta yana lalata sinadaran sandarar da jini. Wannan allurar karya dafin maciji yake bukata, lagwani kaɗai ba zai yi ba. Haka nan zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na Jihar Borno ta yanzu a 1969, kuma ya ɓulla a arewacin Benin a 2014 da 2016, yana iya zuwa da zubar jini idan ya yi tsanani. Saboda haka wanda ya yi kwanaki yana zazzaɓi sannan haɓo ya biyo baya, a gaya wa ma'aikacin lafiya tun daga ƙofa, kuma kada a taɓa jininsa da hannu tsirara. Ko a haɓon yau da kullum ma, mai jinya ya sa safar roba ko leda a hannu, ya wanke hannu da sabulu, ya ƙone audugar da ta ɓaci.

Haɓon da yake yawan dawowa ta kafa ɗaya tare da toshewar hanci, ko wanda yake tare da tabon jini a fata, yana bukatar binciken ƙwararru. A irin wannan hali akan tura majinyaci Birnin Kebbi, ko sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa da ke Sakkwato.

Bayan an cire

Ma'aikacin lafiya ne kawai zai cire lagwani, domin yakan jiƙa shi tukuna, kuma yana da kayan aiki a kusa idan jini ya sake ɓallewa. Cirewa ba ita ce ƙarshen jinya ba, tun da sabon tantanin bai yi ƙwari ba. Har mako ɗaya zuwa biyu a ci gaba da kiyaye fyace hanci da aikin ƙarfi. Ɓawon da zai fito a ciki kada a ɓantare shi. A riƙa shafa ɗan basilin a bakin kafar hanci safe da yamma, ba tare da an tura yatsa ciki ba. Ana iya haɗa ruwan gishirin ɗigawa a gida: ƙaramin cokalin shayi ɗaya na gishiri, a shafe, cikin rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, kuma kowace rana a haɗa sabo. Mai fita cikin ƙura ya rufe hancinsa da rawani ko gyale ko takunkumi. Baligin da ya yi haɓo mai tsanani ya sa a riƙa auna masa jini, domin mutane da yawa suna da hawan jini ba su sani ba.

Kammalawa

Likita yakan sa lagwani a cikin 'yan mintoci, amma kwanakin da suka biyo baya a hannun mutanen gida suke. Abin da ake nema daga gare su bai fi ƙarfin kowa ba: a bar lagwanin a inda aka sa shi, a hutar da majinyaci, a karanta sunan magani kafin a ba shi, a san alamomin haɗari, a kuma cika alƙawarin ranar cirewa. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Ɗalibin da ya san dalilin kowace doka zai iya fahimtar da mahaifinsa abin da ya sa buhun shinkafa zai jira mako guda.

Tambayoyin bita

1. Zana hoton cikin hanci, ka nuna inda yawancin haɓo yake fitowa.
2. Bayyana matakai uku da jiki yake bi wajen tsayar da jini.
3. Me ya sa idon mai lagwani yake hawaye?
4. Me ya sa tasirin asfirin yake daɗewa bayan an daina sha?
5. Wani manomi ya dawo gida da lagwani ranar Litinin. Ranar Talata da dare sai zazzaɓi da amai suka kama shi, amma babu jini. Me ya kamata iyalinsa su yi, kuma don me?